Tsintsiyar da Ta Tsallake Ɗaki Na Uku

A gidan da na tashi a tsohon Zango na Kumasi, ɗaki goma ne suka kewaye tsakar gida, kuma dukanmu bayi ɗaya muke shiga. Wanke bayin nan da share gota, wato kwatar da ruwa ke bi, aikin mata ne, ɗaki bayan ɗaki. Ba a rubuta komai. Akwai wata guntuwar tsintsiya da aka ɗaura wa jan ƙyalle, tun kafin a haife ni take gidan. Wadda ta yi wanki yau, da magariba sai ta rataye ta a ƙusar ƙofar da ke gaba, masu ɗakin su san gobe tasu ce. Mu ɗaki na takwas ne, ni da mahaifiyata Mma, kuma tun da gwiwoyinta suka fara ciwo ni ce mai fita da bokiti da buroshi.

Tun ina ƙarama an san ni da rashin yarda. In mai koko ta ce ta sa sukari, sai na ɗanɗana a gabanta kafin in ɗauki kofin. In tela ya ce yadi bai ragu ba, sai na leƙa ƙarƙashin kekensa. Mma kan ce ko Mala'ika ne ya yi mini sallama sai na tambaye shi wa ya aiko shi. Ni kuwa ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibu ba, gani nake ido ne Allah ya ba ni.

Ina da shekara ashirin da shida na samu gurbi a wata cibiya a unguwar Bantama, inda ake koya wa mata rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Kujera ashirin ce, laftof ashirin, ga mata da yawa a waje suna jiran wata ta fita su shiga. Mai koyar da mu Batoniya ce, wato 'yar ƙabilar masu garin, 'yar asalin Kumasi, Madam muke ce mata. Ranar farko ta gindaya mana doka: ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, wadda ta makara sau uku ba da izini ba, ta bar kujerar. Na shekara biyu ina neman wannan gurbin, don haka maganar ta zauna mini a ƙirji.

Matsalata ita ce tsintsiya. Ranar da ta zo ƙofarmu, kafin in jira masu wanka su gama, in goge bayi, in tura dattin gota har bakin titi, in yi wanka ni ma, in samu turoturo, motar hayarmu, tara ta yi. Na je na yi wa Madam bayani, ina sa ran ta ce ba ruwanta. Sai ta yi dariya har tana dafa tebur. A makon nan muka fara koyon abubuwa biyu. Na ɗaya jeri ne, inda ake jera abubuwa a layi ɗaya, kowanne da lambarsa. Na biyu lup, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, in ta kai ƙarshe kuma ana iya cewa ta koma farko.

"Gidanku ai lup ne," in ji ta. "Ki sa ɗakunan a jeri, ki rubuta lup da zai fitar da ranakunki na wata uku. In ya yi daidai, ranakun nan na ba ki izini."

Ban yarda da jerin nan ba tun farko. Wai abu na farko lambarsa sifili, na biyu ne ɗaya. Na ɗauka Madam gwada mu take yi ta ga wace ce za ta haɗiye ƙarya ba ta tauna ba. Sai da na tambayi wayata, na tambayi ta kusa da ni, na gwada da hannuna sau biyar, sannan na sallama, ina ƙunƙuni. Lup ɗina na farko kuwa na manta ban gaya masa inda zai tsaya ba. Ya kama rubuta "ɗaki na takwas, ɗaki na takwas" yana zuba kamar famfon da kansa ya karye, laftof ya ɗau zafi, 'yan aji suna ta dariya. Har cikin raina na zargi wadda ta zauna a kujerar kafin ni da taɓa mini wani abu. Madam ta zo ta nuna mini layin da yatsa, ba kowa ba ne, ni ce.

Kwana huɗu na yi a kai. Ranar da ya fito daidai, ranakuna tara suka jeru a fuskar laftof, kwana goma-goma tsakaninsu. Wallahi daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a makaranta ba. Abin da kakannina suka yi ta yi da guntuwar tsintsiya, ga shi na kama shi a layi bakwai. Madam ta buga takardar, ta sa hannu, ta liƙa a cikin rajistarta.

Ranar farko ta zo yadda takarda ta faɗa. Na yi wankina, na shiga aji ƙarfe tara ina taƙama.

Zagaye na biyu, takarda ta ce Alhamis. Ran Talata da magariba na dawo na tarar da jan ƙyalle yana lilo a ƙofarmu. Na ce wa Mma an yi kuskure. Ta ce, tana tsince wake ba ta ɗago ba, "Layi ya zo, ki yi kawai." Na yi ran Laraba, na makara, Madam ta ja layi ɗaya a gaban sunana a rajista. Ran Alhamis kuma, ranar da nake da izini, na iso tun bakwai da rabi. Ta dube ni ta saman tabarau.

Zagaye na uku tsintsiya ta riga takarda da kwana biyu. Layi na biyu ya hau rajista. A wannan karon Madam ta tsayar da ni bayan an tashi.

"Ranar da kika ce za ki makara, kina zuwa da wuri. Ranar da ba ki ce ba, kina makara. Ko wani wuri kike biyawa?"

Ni, da nake zargin duniya, yau ni ake yi wa wannan kallon! Na ce mu duba kod ɗin, wataƙila sifilin nan nata ne ya cuce ni. Muka zauna muka bi shi layi-layi, ta sa ni na zama kwamfutar da kaina, ina ƙirgawa da murafen kwalba goma a kan tebur. Babu kuskure ko ɗaya. Ta jingina da kujera ta ɗan yi tunani, sannan ta ce in duba tazarar ranakun da na yi wanki da gaske. Na duba. Tara, tara.

"To lup ɗinki lafiya lau yake," ta ce. "Gidanku ne yake tsallake ɗaki ɗaya. Ki cire ɗaya daga jerin, ya koma tara, in sake buga miki takarda. Aikin minti ɗaya ne."

Da na yi abin da ta ce, da magana ta ƙare a nan. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Wato wata tana kwance a ɗaki tana miƙe ƙafa, ni ina kwasar dattinta, kujerata tana rawa, sannan kuma ni ce zan gyara kod ɗina don in yi mata shimfiɗa? Na ce wa Madam ta bar jerin yadda yake, gidan zan gyara.

Daga ranar na sa ido. Kullum da magariba sai in ƙirƙiri dalilin zagaya tsakar gida, yau neman ashana, gobe kwashe shanya. Ɗakuna na ɗaya zuwa na huɗu suna can bayan tankin ruwa, ba a hango su daga ƙofarmu, shi ya sa abin ya daɗe yana wuce ni. Na ga tsintsiya a ƙofa ta tara, ta goma, ta ɗaya, ta biyu. Washegari na laɓe bayan tanki. Matar ɗaki na biyu, wata dattijuwa mai sayar da masa, ta fito da tsintsiyar a ƙarƙashin mayafi. Ta wuce ƙofa ta uku ko kallonta ba ta yi ba, ta rataye a ta huɗu. Matar ɗaki na huɗu tana zaune a bakin ƙofarta tana gani, kuma ba ta ce uffan ba. Nan na gane ba mutum ɗaya ba ne, haɗin baki ne.

Matar ɗaki na uku ta girme ni da 'yan shekaru, Sista nake ce mata. Daga arewacin ƙasar mijinta ya kawo ta, shi yana gyaran babur a unguwar Akwatialine, shekararsu shida a gidan, ba su da ɗa. Mace ce marar hayaniya, kullum cikin dogon hijabi, in ta yi tuwon zafi sai ta aiko wa Mma. A da ina ganin kirkinta. Yanzu kuwa komai nata ya zama hujja a wurina. Tuwon nan ashe toshiyar baki ce. Yawan kwanciyarta da rana lalaci ne. Har lemun tsamin da take yawan tsotsa a bakin ƙofa sai na ga kamar yanga take mana.

Na kai wa Mma labari ina huci, ina jiran ta yi salati. Sai ta ce, "Na sani."

"Kin sani? Kin sani, Mma, kina kallo za a kore ni?"

"Ki rage murya. Ki bar maganar nan, kin ji ko? Ba naki ba ne."

"To na wa ne? Me ta ba ku? Me ya sa ita ba ta yi?"

Mma ta dube ni, ta dubi ƙofa. "Akwai abin da ba a faɗi," ta ce. "Ki je ki ba Madam ɗinki haƙuri, ki ce tara ne."

Na ɗauka tsoro ne irin nata. Mma mace ce da za a taka ta ta ce a yi haƙuri ƙafarta ce ta shiga hanya, kuma na daɗe ina jin haushin wannan halin. Na ce a raina, ita ta saba a cuce ta, ni ban saba ba.

Washegari a aji na ƙara wa kod ɗina aiki. Maimakon ranakuna kaɗai, na sa lup ya fitar da kowace rana da ɗakinta, na wata uku cur. Madam ta yaba, har ta nuna wa 'yan aji. Na biya wani shago aka buga mini da manyan baƙaƙe, aka rufe da leda don kada ruwa ya taɓa. Ban kai wa matan ba, don na riga na yanke cewa duk bakinsu ɗaya. Alhaji mai gidan na kai wa, tsoho mai son takarda da hatimi, wanda tun da aka gina gidan bai taɓa sanin ranar wa ce a bayi ba.

Na gaya masa ɗakin da ake tsallakewa. Ya juya takardar, ya sake juyawa. "Kai, wannan ya yi kyau paa," ya ce. "Kwamfuta ne ya yi? To kwamfuta ba shi da dangi."

Bayan la'asar ya fito tsakar gida, lokacin da kowa ke waje, mata na girki, maza biyu na alwala. Ya buga takardar da ƙusa a ƙofar bayi, ya ce daga yau ita za a bi, don ya ji ana tsallake wani ɗaki. Ya juya wajen ɗaki na uku.

"Ke, ba ki da lafiya ne? In ciwo ne ki faɗi, a cire ki."

Sista tana tsugune tana wanke shinkafa. Na ga mai masa ta ɗan girgiza mata kai, na ga Mma ta sunkuyar da nata. Sista ta dubi mazan, ta dubi sauran matan, sannan ta ce a hankali, "Lafiya na lau, Alhaji. Zan yi."

Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Na koma ɗaki ina jin na yi nasara. Mma ba ta ci tuwon dare ba, kuma kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Na ce fushin wanda aka tona ne, zai wuce.

Tsintsiyar mai jan ƙyalle ta ɓace daga ƙofofi, ban san wa ya ɗauke ta ba. Ranakuna suka koma kan takarda daidai, Madam ta daina kallona ta saman tabarau. Ranar farko da layi ya zo kan Sista, ina fita na ji mai masa tana ce mata ta kawo buroshin, ita ma yau ba ta da aiki. Sista ta ƙi. "Ɗaki na yana jikin takarda," ta ce. "In kin yi, kowa zai tambaya don mi." Na wuce abina, har ina cewa a raina ashe dai ta iya.

Zagaye na gaba ya faɗo a makon da famfo ya ɗauke, tanki ya ƙafe. Duk mai wanki sai ta ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse ta bayan masallaci. Da safen ina sauri na gamu da ita a lungu, bokiti a ka, ɗaya a hannu, hijabinta ya jiƙe sharkaf. Ta tsaya ta jingina da bango tana numfashi. Na ce mata sannu. Ta ce, "Yawwa, a dawo lafiya." Na duba agogon wayata na ƙara sauri.

Bayan kwana biyu na dawo daga aji da azahar na tarar da gidan wani iri. Ba a kunna rediyo ba, ba a daka, ƙofar ɗaki na uku da kwaɗo. Mai masa tana wanke wasu zannuwa a bayan tanki, da ta gan ni sai ta juya baya ta kare bahon da jikinta. Mma na zaune a bakin gado da carbi.

"Ina Sista?"

"An kai ta asibiti a tasi, da hantsi."

"Me ya same ta?"

Mma ta tashi da ƙyar ta saki labule, ta tura ƙofa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar bango zai ji.

"Wata huɗu ne. Wannan shi ne na uku da ta samu, biyu sun zube tun kafin su yi ƙwari. Likita ya ce kada ta ɗauki ko bokiti. Ba ta gaya wa kowa ba, mu muka gani a idonta da tafiyarta, kuma ba mu ce mata mun gani ba. Cikin da bai fito ba, ba a kiran sunansa, balle a tsakar gida gaban maza. Haka aka yi mini lokacin da nake ɗauke da yayanki, wata biyar tsintsiya ba ta san ƙofata ba, kuma har yau ban san wadda ta fara ba."

Na zauna a ƙasa. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Ke? Da bakin nan naki?" Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo.

Cikin bai tsaya ba. Mma ta ce ma'aikaciyar jinya ta gaya wa mijin cewa irin wannan yana iya faruwa ko mace tana kwance ba ta ɗaga tsinke ba. Na riƙe maganar nan da hannu biyu, ina kuma zarginta, don na san irin abin da ake faɗa wa mutane ke nan don a kwantar musu da hankali. Asibitin yana kan hanyata ta zuwa aji. Kwana biyar ina wucewa ta bakin ƙofarsa a turoturo, ina juya fuska ɗaya gefen. Ban sake makara ba har muka gama, kujerata ba ta kuɓuce mini ba.

Da ta dawo gida na zauna jiran hukunci. Na jira a yi mini habaici a bakin famfo, na jira a daina amsa gaisuwata, na jira mijin ya tare ni a zaure. Shiru. Mai masa ta ci gaba da ajiye mini masu zafi. Matar ɗaki na huɗu ta roƙe ni in duba mata waya. Kowace gaisuwa sai in juya ta ciki da waje ina neman ƙaya, in rasa. Da sun zage ni da na samu sauƙi.

Ran Asabar da hantsi, da tsakar gida ta yi sauƙin mutane, na dama kunu na zuba a fulas na tafi ɗaki na uku. Na yi sallama, ta ce in shigo. Tana zaune a kan katifa ta jingina da bango, ta rame, tana warware wani zaren saƙa. Na ajiye fulas, na durƙusa. Duk maganar da na kwana uku ina shiryawa ta gudu.

"Sista, na zo ne ki yafe mini."

"Mi kin yi?"

"Takardar nan. Wallahi ban sani ba. Da na san kina da..."

Ta ɗaga hannu da sauri, ta dubi labule. Sannan ta dube ni, ido cikin ido, ba fushi a fuskarta, ba kuma wurin shiga.

"Ina da mi? Zazzaɓi ne ya kama ni. Sauro ya yi yawa bana."

"Sista..."

"Zazzaɓi ne, ƙanwa na. Na sha magani, ya tafi." Ta jawo fulas ɗin ta buɗe, ta shinshina. "Kin sa tsamiya? Madalla. Ki gaida Mma."

Na jima a durƙushe ina jiran ta ƙara ko kalma ɗaya. Ta koma kan zarenta. Na tashi, na ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin, na fito na ja mata labule.